Ƙasar Gindin Katanga

Juma'a, 4 ga Oktoba, 2024

Rufaida ta sauka, namiji! Jikana na fari ta wajen ɗana Muttaka. Ko bisimilla ban rubuta ba, Allah Ya yafe. Matata Hure ta ce ta yi sabon miji, ni tsoho in tattara komatsaina. Na ce ta bari ya fara kawo cefane tukuna.

Abu guda ya ɗan rage mini daɗi. Almustapha dillali ya shigo barka, ya ce gidan marigayi Maiturare, wanda katangarmu ɗaya, ya sami mai saye. Kuɗi hannu, cikin buhu. Ko tayi mutumin bai tsaya yi ba.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na gan shi. Sunansa Hammadu, mutumin Tungar Daji. Can ne aka riƙa daka dutsen zinariya cikin gidaje, gubar dalma ta kwashe yara.

Tun da mutanen ƙauye suka fara gudowa Anka saboda ɓarayin daji, na san abin da mai sayen gida ke dubawa: doguwar katanga, ƙofar ƙarfe, rijiya, kusa da shingen sojoji. Almustapha na ta nuna masa waɗannan, shi ko ɗaga kai bai yi ba. Ta kan katanga nake leƙe. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasa a tsakar gida, ya ɗebi ta bakin murhu, ya ƙulle a leda.

Wa ke sayen gida yana kallon ƙasa in ba mai harkar dutse ba? Injin niƙa zai kafa. Ƙurar kuwa tagar ɗakin mai jego za ta fara samu.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yaron ya kama yatsana ya ƙi saki. Hancin nawa ne, ko me Hure za ta ce.

Litinin, 7 ga Oktoba

Mai unguwa ya aiko, wai ni ne maƙwabci, in zo in sa hannu a takardar ciniki a matsayin shaida. Magada suna Gummi, sun matsu a raba musu. Na ce ban zuwa. Da furfura na shiga ajin yamma na koyi rubuta sunana, ba don in sa shi a kan abin da zai cuci jikana ba.

Almustapha ya biyo ni har zaure. "Baba Nababa, la'adata za ka ƙona?" Na ce ta ƙone. Ya ce, "To ai shi ma bai biya ba. Ya rungume buhunsa, wai sai ya gan ka." Sai ya gan ni? Toshiya zai kawo ke nan.

Talata, 8 ga Oktoba

Ya zo da hantsi, da goro da sabulun barka. Ban taɓa ba. Bayan gaisuwa ya ce, "Baba, kar ka ji haushi. Gidanga naka an taɓa daka dutse ciki?"

Ni yake tuhuma. A zaurena.

Na ce shi zan tambaya. Sai ya ce yaransa biyu ya binne shekarar gubar, mako guda tsakani. Yanzu yana da ta goye, ta fara rarrafe, komai ta samu sai baki. Shanunsa ya sayar, shi ne kuɗin buhun. Gida uku ya fasa saye, biyu a Bukkuyum, ɗaya nan, don an auna ƙasarsu an ga dalma. Ta gidan Maiturare ta fita lafiya. Saura tawa, don ruwan damina daga gidana yake bi ta rariya ya shiga can.

Na ce zan yi tunani. Mai baki ai kowane labari yana iya shiryawa.

Amma da ya tafi na tuna. Shekarun baya Muttaka ya yi wata biyu a ramin haƙa, kuma a gindin katangar nan yake kakkaɓe buhunansa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ya kawo ma'aikacin lafiya mai na'urar awo, kamar babbar tocila. Tsakar gida lafiya. Ƙofar ɗakin Rufaida lafiya. Da aka ɗora ta a gindin katanga, mutumin ya sake ɗorawa, ya ce akwai, ba da yawa ba, amma kada yaro ya yi wasa a nan. A kankare, a zubar nesa, a sa siminti.

A nan na yi niyyar shimfiɗa wa yaron tabarma, don inuwa.

Na zaci Hammadu zai ɗauki buhunsa ya yi gaba. Shebur ya nema.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Shi da Muttaka sun gama, simintin har ya fara sha. Na je wurin mai unguwa na sa hannu, harafi-harafi, ban yi sauri ba. Ba wai na gama yarda da mutumin ba ne. Ina nan ina lura da shi. Goron dai na ci.

Gobe suna. Zaurena ba zai ɗauki jama'a ba, Hammadu ya ce a shimfiɗa tabarmi a nasa tsakar gidan, tunda an san ƙasarsa lafiya take. Na aika wa dangi Gummi, na aika Bukkuyum. Na ce masa har mutanensa na Tungar Daji ya kira. Kowa ya zo ya ga yaron, ya faɗi gaskiya hancin wa ya ɗauko.