Sulallan Baba Sun Sha Wanki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa nema albarka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Inna da ke tashi jefi-jefi.

Yaya, ɗakin Inna yoyo yake yi, iska ta ɗaga kwanon, ƙusoshin duk sun zarce. Na yi na yi ta dawo wurina, ta ce ba inda za ta, a ɗakin nan ta zauna da Baba. Ta kuma hana ni gaya maka, wai nauyi ya yi maka yawa. To muna janye akwatin kayan aikin Baba daga inda ruwa ke ɗiga, sai ga gwangwanin madara cike da tsofaffin sulalla, baƙi ƙirin, wasu sun siɗe, yawancinsu masu huji a tsakiya. Da ka ga fuskarta! Ta ce shi ke nan, Baba ya bar mata kuɗin rufi.

Na ce zan kai wa mai sayen kayan tarihi ya duba. Kafin in dawo daga aiki, baiwar Allahn nan ta zauna da toka da lemun tsami da soson ƙarfe, ta dirje su tas har yatsunta suka saɓule, wai kada a ce mun kawo kaya da dauɗa. Ka dai san Inna, ko tsintsiya wanke ta take yi.

Mutumin yana gani ya dafe kai. Ya ce baƙin nan ai shi ake saye, kuma akwai waɗanda da sun yi daraja, amma soso ya cinye shekarar da rubutun. Wallahi a bakin shagon na yi kukana, yatsun nan kawai nake tunawa. Ita kuwa ce mata na yi irinsu sun yi yawa a kasuwa. Don Allah kada ka yi suɓutar baki a waya, na san halinka.

Ta ɗauki guda tana juyawa a tafin hannu. Can ta ce dama ta yi mamaki, ina kafinta irin Baba ina ajiyar dukiya. Sai ta tuna Baba kan zura ƙusa ta hujin idan zai buga kwano, don kada iska ta fizge shi. Maigidana ya hau da gudumar Baba, ya bi ƙusa-ƙusa yana sa wa kowace sule guda. Shekaranjiya aka tafka ruwa, ko ɗigo bai shiga ba. Yanzu duk wanda ya zo sai ta ja shi tsakar gida ya ga rufin yana ƙyalli, tana cewa maigidanta ne ya gyara mata ɗaki, ita wanki kawai ta yi.

Inna da maigidana suna gaishe ka. Ka gaida matarka da takwarar Inna.

Taka,
Autar Inna