Godiyar Ramin Shifa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Talatu,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina hutawa a wurin Ubangijin da kika bauta wa. Ɗanki ne Tanimu, daga Riyad. Shekara uku ke nan da aka binne ki ban zo na ga kabarinki ba, don a nan mutum ba ya tafiya sai kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya sa hannu. Na san wasu za su karanta wasiƙar nan tare da ke. Su karanta, ke ma ba ki taɓa yarda a yi irin wannan magana a ɓoye ba.

Inna, na gaji. Na gaji da zafin garin nan, na gaji da ƙafar da ba ta son takawa, na gaji da mutane suna ce mini in gode wa Allah.

Wata huɗu da suka wuce muna haƙa ramin bututun ruwa a unguwar Shifa, ni da Idi, wani mutumin Maraɗi da muke kwana ɗaki ɗaya. Da hantsi gefen ramin ya zabtaro mana. Ƙasa ta kai mini har wuya. Ban iya motsa ko yatsa ba, bakina ne kawai ya rage, shi ma cike da yashi. Ban yi wata addu'a mai tsari ba. Sunan Allah na kira, na kira naki.

Malam Garba, direban tifa, dattijon ɗakinmu, shi ya diro ya tone ni da hannu har farcensa biyu suka cire. Idi yana taku uku daga inda nake. Ba a kai gare shi ba sai bayan azahar.

Na yi sati biyar a asibiti a Shumaisi, aka sa mini ƙarfe a cinya. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce na auna arziki. Ni kuwa in na buɗe baki zan ce na gode, sai in ga silifas ɗin Idi a bakin ƙofar ɗakinmu, inda ba wanda ya iya ɗauke su. Sai maganar ta maƙale.

Abin da ya fi damuna ke ce, Inna. Ba ki iya karatu ba, amma waƙoƙin nan na Ibraniyawan dā da ake karanta mana a majami'a, kin haddace su kamar sunayen 'ya'yanki. Kina surfe kina rera su, kina gyara wa fasto in ya tsallake layi, shi kuwa bawan Allah sai dai ya yi murmushi ya koma. Kin sha ce mini: "Ka lura da mutanen nan, Tanimu. Ba sa cewa sun gode su koma ɗaka. Sai sun faɗi inda suka faɗa, da kukan da suka yi, da wanda ya ji su. Kuma a gaban jama'a."

Kin mayar da wannan doka a gidanmu. Ko kunama ce ta harbi mutum ya tashi, sai kin tasa shi gaba zuwa majami'a ranar Lahadi ya yi godiya.

To ni wace jama'a gare ni? Garin nan ba majami'a. Littafina Mai Tsarki yana ƙasan akwati cikin tsohuwar riga. Mu bakwai ne a ɗakinmu na unguwar Suwaidi, yanzu shida, kuma ni kaɗai ne Kirista. Wannan hujjar na riƙe wata huɗu. Amma ke kin san ni, tun ina yaro na iya nemo dalili in ba na son zuwa gona. Gaskiyar ita ce kunya nake ji. Da wane baki zan ce Allah ya ji kukana, alhali Idi ma ya yi kuka, kuma ya fi ni ibada nesa ba kusa ba?

Sai makon jiya na tuna shekarar baƙon dauro. Ina ɗan shekara bakwai, ni da ƙanwata Ladi muka kwanta tabarma ɗaya. Ni na tashi, ita ba ta tashi ba. Sati biyu bayan nan kika ɗaura zanen zumuntar mata, kika riƙe zakara a hannu ɗaya, ni a ɗayan. Mata suna buga tulu, kika tako daga ƙofar baya ta majami'a har gaba, ƙafarki da kyar take ɗagawa. Kika faɗi kwanakin da na yi ban ci ba. Kika faɗi yadda kika roƙa. Sannan kika kira sunan Ladi, kika ce biyu kika roƙa, ɗaya aka bar miki, kuma ba za ki ɓoye ko ɗaya ba.

Ranar na ji haushinki, na ga kamar kin ɓata mini biki. Ashe ban san abin da kika ɗauko daga ƙofar baya zuwa gaba ba. Na ɗauka godiya sai mai farin ciki. Ke kuwa ko murmushi ba ki yi ba.

Juma'ar da ta wuce na dogara sanda na je na sayo kaji biyu da shinkafa, na dafa kafin su dawo daga masallaci. Da aka zauna gaban tire sai na miƙe tsaye, na ce a gidanmu akwai abin da ake yi. Na faɗi ramin, da yashin da na ci, da farcen Malam Garba. Na ce na kira, an ciro ni. Na ce Idi ma ya kira, ban san dalili ba, ba kuma zan yi kamar na sani ba.

Ba tulu, ba rawa, sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Malam Garba ya ce, "Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan Idi, ya jiƙan wadda ta koya maka." Sauran suka ce amin. Bayan mun ci, shi da kansa ya ɗauki silifas ɗin ya wanke, ya sa a kayan da za a aika Maraɗi.

Ba zan ce miki na warke ba. Cinyar tana nan tana sara, kuma gobe Asabar zan koma wurin aiki, sun ba ni gadin ƙofa. Amma na faɗa a gaban mutum biyar, yanzu kuma ga shi na faɗa a gaban duk mai karantawa.

Allah wanda ya ciro ni, ya riƙe matar Idi da 'ya'yansa. Ya saka wa Malam Garba da alheri. Ya ba ni ƙafar da zan tako har kabarinki. Ke kuma ya ƙara miki hutu, ke da Ladi.

Na makara, Inna, amma ban tsallake layi ba.

Ɗanki ɗaya da aka bar miki,
Tanimu