Burodin da Nake Ba Auta

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? A gaishe min da matarka da yara.

Mu lafiya lau, ɗinki a masana'anta yana tafiya. Sai dai 'yata ce ta yi wata huɗu tana gudawa, ciki ya kumbura, ƙafafu duk sun tsotse. Kada hankalinka ya tashi, ta fara murmurewa. Likita ta gwada jininta, ta duba hanjinta, ta ce jikinta ba ya karɓar alkama, duk abin da aka yi da fulawa cinye mata hanji yake yi. Wai abin a jini yake, gadonsa ake yi. Sai ta tambaye ni, "A danginku akwai wanda ya taɓa yin haka?"

Yaya, Autarmu ce ta faɗo min a rai. Haka cikinta ya yi kafin ta rasu. Kullum da safe Inna takan ce, "Tsoma mata burodi a shayi, shi kaɗai take iya ci." Ni nake tsomawa, ina lallashinta har sai ta cinye.

Don Allah ka kai yaranka a gwada su, musamman ƙaramar da ba ta ƙiba. Amma kada Inna ta ji dalili. Ka ce mata jikarta ta ƙara kilo biyu, ta yi murna. Sauran ya tsaya tsakanina da kai.

Allah ya jiƙan Auta.

Ƙanwarka.