Inna Ta Ji Kukan Jirgi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Binta da yara, ya sanyin Jos? Mu nan Fagge lafiya.

Wallahi wani abin mamaki ya faru. Inna da ta daina gane kowa, jiya jirgi ya yi kuka a tasha, sai ta miƙe ba sanda! Ta ce, "Hadiza, ɗora ruwan wanka, babanku ya iso. Sani ya je ya tarbo shi."

Haka take yi lokacin da marigayi Baba ke tuƙa jirgi. Na ɗora ruwan, har ya huce tana kallon ƙofa.

Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Ka zo tun tana kiran sunanka.

Ƙanwarka,
Hadiza