Kwamfutar Karimatu a Kan Faranti

Zuwa ga ɗiyata Karimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ya buɗa miki karatu, ya tsare ki daga zazzaɓin Kotonu. Mu nan lafiya muke, sai gwiwata da kika sani. Babanki yana fita kasuwa kullum, ko da yake albasa ba ta tafiya kamar da. Habiba matar yayanki cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, amma likita ya ce ba komai. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da furfura na koye shi, kuma hannuna yana saurin gajiya. Na zaɓi takarda ne don a waya kina katse ni kafin in kai ƙarshen magana.

Zancen kwamfutarki ne, wadda kika ara wa yayanki da kika zo hutu. Kin yi ta aiko Sallau direba ya karɓo miki, yana komawa babu ita, har kika ce yayanki ya raina ki tunda ya daina ɗaukar wayarki. Ba raini ba ne. Kin san tun da aka rufe gadar kan iyaka aikinsa na takardun manyan motoci a duwan, wato kwastan, ya tsaya. An gaya masa wani ɗan kasuwa a Gaya, can hayin kogi, yana neman ma'aikaci, sai ya shiga jirgin ruwa da kwamfutar a jaka don ya nuna abin da ya iya. A dawowa iska ta tashi, ruwa ya watso cikin jirgin ya jiƙa jakar. Aikin bai samu ba, kwamfutar kuma ba ta ƙara kamawa ba.

Da farko ya binne ta a buhun shinkafata, wai shinkafa tana tsotse danshi. Bai yi ba. Ya kai wa mai gyaran waya na bakin kasuwa, shi kuwa ya ce sai dai a aika Paraku, kuma ba ya rantsuwa abin da ke ciki zai dawo. Yayanki ya ce rubutunki na ƙarshen karatu yana ciki, ba zai ba baƙon hannu ba. Shi ne ya buɗe ta da kansa, yana kallon yadda ake yi a waya, yana tsayarwa yana maimaitawa.

Karimatu, da kin ga ɗakina da ba ki gane shi ba. Nawa ya zaɓa don shi ke da siminti da taga mai haske. Babban farantina na bikin suna yanzu kayan cikin kwamfuta ne a kai, ga wani koren allo, ga 'yar fanka da ba ta fi murfin gwangwani ba, ga wayoyi sirara kamar gashi. Kusoshinta ƙanana ne kamar ƙwayar gero, ya rarraba su a kofunan shayi, kowane kofi da inda nasa suka fito. An hana shara, an hana turare, ko zane ba na kaɗawa a ciki. Rannan kusa ɗaya ta faɗi, ni da Habiba muka tattara ƙurar ɗakin muka tankaɗe ta a rariya, ita da cikinta ni da gwiwata, har muka same ta. Inda ruwa ya taɓa ya yi fari-fari kamar kanwa, yana goge shi da buroshin haƙori da alkol, ruwan nan na wanke ciwo na wurin mai magani. Shekaranjiya ya haɗa ta, 'yar fankar ta juya, wata fitila ta yi haske, sannan komai ya mutu. Ya zauna hannu a gwiwa har aka kira la'asar.

Abin da ya fi gajiyar da ni ke nan. Shi ne ɗan farina, ko sunansa ba na faɗa, balle in zauna gabansa in tambaye shi abin da ke cin ransa. Nakan shiga kamar ɗaukar wani abu, in saci kallonsa, in fito. Ya rame. Tuwo sai ya huce a inda aka ajiye. Na yi wa babanki magana, ya ce a bar namiji da abin da ya ɗauko. Habiba ta ce mini in wayarsa ta yi ƙara ya ga sunanki, sai ya kife ta ya yi ta kallon bango. Ta ce ya faɗa mata shi ne babba amma ƙanwarsa ce ke ara masa kayan neman abinci, shi ma ya lalata. Ni kwamfuta ban san darajarta ba sai yadda kuka gaya mini. Abin da nake tsoro shi ne ku saba da rashin magana. Na ga gidajen da haka ya fara, har iyaye suka mutu ba a gyara ba.

Ga wani ƙunshi cikin gwangwanin da Sallau zai ba ki tare da wannan takarda. Wani ɗan ƙarfe ne yayanki ya ciro, ya ce nan ne rubutunki yake zaune, kuma ruwa bai kai gare shi ba. Ya je wurin wani abokinsa ya gwada a tasa kwamfutar, ya ga sunanki da aikinki duka. Ya ce ki kai wa masu gyara na can su juye miki, kada ki bari ya faɗi ko ya sha rana. Sauran kwamfutar yana nan yana fama da ita, ban sani ba ko za ta tashi. Ya ce wa Habiba kada a gaya miki shi ya aiko, a ce mai gyara ne ya ciro. Ni ban yi masa wannan alkawari ba.

Ki kira shi. In bai ɗauka ba ki sake kira. Kada ki fara da kwamfuta, ki tambaye shi jikin Habiba. Abin da ni ba ni da bakin faɗa masa, ke kina da shi.

Babanki yana sa miki albarka. Habiba tana gaishe ki, da gwaggonki Zeinabu ta Madekali. Ki gai da uwar ɗakinki da ta riƙe ki amana. Hannuna ya gaji, na tsaya nan.

Ni ce mahaifiyarki,
Balkissa, Malanville