Sunan da Za a Sa wa Filin Kebbe

Tambuwal, 3 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga aminina Na'inna, tsohon golan Guguwar Kebbe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya, gero kuma ya yi albarka.

Ɗana Attahiru, wanda ke aikin gonar tumatir a Italiya, ya aiko mini hotunan ƙungiyar ƙwallon garin da yake zaune. Garin bai kai Jabo girma ba, ƙungiyar kuma ba ta taɓa hawa babban rukuni ba, amma sun rubuta tarihinsu na shekara ɗari, har da sunan mai wanke musu riguna. Kunya ta kama ni. Mu da muka sare geza da hannunmu muka yi fili, muka kafa Guguwa da ƙwallo ɗaya mai faci, ko takarda guda ba mu ajiye ba.

Na fara rubuta namu. Ka taimaka mini da abin da ka tuna na wasan ƙarshe na 1989, ranar da muka ci Dogon Daji biyu da ɗaya muka ɗauki kofi. Samarin ƙungiya kuma sun sanar da ni za su sa wa filin sunana ranar bikin cika shekara arba'in, saboda ƙwallayen nan biyu.

Ka huta lafiya.
Naka, Malam Mutawakkil

Kebbe, 11 ga Oktoba

Mutawakkil,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Gero ya yi, gwiwata ce ba ta yi ba.

Ni za ka sa ma hannu da "Malam"? Ni da nis san ka kana kauce ma ƙwallo awa kunama? Tunda ka tambaya, to saurara.

Abin da nika tunawa shi ne kana zaune bakin fili, ƙafarka ɗaure da tsumma. Almu na rugar Baffa Uthman shi yac ci ƙwallayen nan biyu, da rigarka, da katinka. Ba shi da takardar makaranta, masu gasa ko ba su karɓar ɗan wasa sai da ita. Rediyo ta faɗi sunanka, duk munka ja bakinmu kada a ƙwace kofi. Da wanga suna kas samu aikin malamin wasanni a Tambuwal.

Sauran ma ka manta? Ran da ruga za ta tashi da shanu zuwa kudu, ni da kai munka tare Almu a kasuwa, munka yi ta magiya ya tsaya kwana fuɗu ya buga muna wasan. Tsohonsa Baffa yak kora garke ba mataimaki, shanu sunka tattake shi wurin ƙetare Gulbin Ka. Almu ya isa an riga an rufe shi. Bai sake sa ƙafa ga ƙwallo ba.

Samarin yanzu ba su san komi ba. Waɗanda sunka sani sun mutu, ko sun yi gum. Wallahi in anka kafa allo da sunanka bakin filin, ni nika tumɓuke shi, ko da rarrafe zan je.

Raina ɓace yake, amma ka gaida Hajiya Rauda.
Na'inna

Tambuwal, 29 ga Oktoba

Na'inna ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ka yafe jinkiri, sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Ban manta ba. So na yi in ji ko kai ka manta, kuma da ka manta da na ji daɗi. Ka ga irin mutumin da na zama. Na yi shekaru ina ba ɗalibai labarin ƙwallon da na ci da ka, har na fara ganin kaina cikin iska ina tashi. Ko ta'aziyyar Baffa ban je ba, don tsoron haɗa ido da Almu. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Jiya na gaya wa matata Rauda. Tashi ta yi ta bar mini ɗakin.

Na sake rubuta babin wasan daga farko, da sunan Almu, da abin da muka jawo masa. Ga shi cikin ambulan. An ce rugarsu ta dawo kusa da ku. Don Allah ka hau babur ka kai masa, ka karanta masa, ka ce ina neman gafara. In ya yarda, ni da bakina zan gaya wa samari sunan da ya dace da filin.

Allah ya bar zumunci.
Mutawakkil

Ruga, yamma da Kebbe, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Mutawakkil, daga Almu. Na'inna ka rubutawa, ni nika faɗi.

Salamu alaikum. Muna lafiya, mu da bisashe. Na ji takardarka har ƙarshe. Na yafe maka tuni, ba ku ɗaure ni da igiya ba, ni ma ina son wasan.

Amma ka yaga babin nan. Innata tana da rai, ga ta can cikin bukka. A shekarar nan ce mata na yi zazzaɓi ya kwantar da ni cikin gari. Da rediyo ta faɗi sunanka, godiya na yi ga Allah. Shekara talatin da shida tana sa mini albarka, tana gaya wa jikokinta da ina da lafiya da ban bar Baffa shi kaɗai ba. Jikokin nan suna karatu, suna zuwa kallo filinku, abin da suka gani kuma sai ya kai kunnenta.

Ka bari su sa sunanka. Ka je bikin, ka tsaya a ɗauke ka hoto. Na'inna ya rantse mini ba ya taɓa allon. Ni na ɗauki nawa, kai ma ka ɗauki naka.

A gaida mutanen gida. Allah ya sa mu cika da imani.
Almu