Saƙon da Ke Bakin Ramin Faifai

Rhona, sanyin idona, yayyafin Glasgow da nake ƙishirwarsa a ƙasar da rana ba ta da kunya, muryar da ta fi kogin Clyde zurfi a ƙirjina,

Wata tara faifanku yana ƙarƙashin gadona a nan Colombo, ko buɗe shi ban yi ba. In ji me? Waƙoƙi goma sha ɗaya da muka yi rainonsu tare a ɗakin ɗaukar sauti na bayan shagon wanki, an goge jitata daga kowacce, an ɗora ta Dougie, makaɗin da ya maye gurbina! Ba zan yi masa ƙarya ba, na ji biyu a waya, ya fi ni hannu. Kuma shi ya tsaya, ni na yi zuciya ana tsakiyar aiki na hau jirgi. Ga ni yau a otal, ina kaɗa waƙoƙin wasu ga masu cin kifin da ko kai ba sa ɗagowa.

Kin tuna ranar da na tafi? Kina zaune a matakala da soyayyen dankali a takarda, gashinki jajir kamar ganyen kaka, kika ce, "Kai dai Euan, uban 'yan taurin kai, ka fi son a roƙe ka da a so ka. To ni ba na roƙo da baki." Na ɗauka kora ce. Wayyo wautata!

Jiya na ga damina ta sa kwalin ya yi fumfuna. Na zaro faifan in goge, na karkata shi wajen taga. Ni fa na koya miki cewa ba a ajiye sabon faifai sai an duba santsin da ke kewaye da ramin tsakiya, inda makaɗa ke sa a karce musu saƙo da allura. Ni na koya miki, ni na manta! Ga shi nan, ƙanana kamar sawun tururuwa: "Euan, butar shayi na kan wuta. Dawo."

Faifai nawa aka buga, Rhona? Baƙi a Leeds da Dundee sun karanta wasiƙata, ni mai ita ina kwana a kanta ina zaginki a zuci!

Na ajiye aikin otal. Alhamis ina hanya. Ba gurbina zan zo nema ba, na Dougie ne, da guminsa ya same shi. Zan ɗauki lasifika, zan sayar da rigunan ƙungiyar a bakin ƙofar zauren wasa, in dai zan ji ki daga can ƙarshen zauren. In kuwa wani ya riga ya sha shayin, ba zan ga laifinki ba. Amma da bakinki za ki faɗa mini, ina tsaye a ƙofarki.

Wata tara buta a wuta, na san ruwan ya ƙone. Kada ki sauke ta, farin watana. Ni zan cika ta da hannuna.

Naki da ba zai ƙara fita da fushi ba har numfashi ya ƙare,
Euan